Kimiyya da Sana'a: Idon na'ura a masaƙar jiragen sama

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Maginan tukwane sun fi kowa sanin inda wannan magana ta dosa, domin da zarar yumɓu ya bushe ya sha wuta, to, ƙofar gyara ta rufe, mai kyau da maras kyau kowanne ya zauna yadda aka gina shi. A wannan sati filin nan zai leƙa wata sana'a ta ƙasashen Turai da Amurka da Japan inda wannan doka take da ƙarfi ƙwarai, wato sana'ar ƙera jikin jirgin sama da fukafukan injin iska daga zare da ƙaro, da kuma yadda aka ɗora wa kamara da kwamfuta nauyin gano aibin saƙa tun kayan suna ɗanye.

Fasinjoji da yawa suna hawan jirgi da zaton cewa cikin ƙarfe suke zaune. Haka abin yake a jiragen da ake ƙerawa da alminiyom, ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. Amma jirgin Boeing 787, wanda ya fara tashi ran 15 ga watan Disamba 2009, rabin nauyin jikinsa gamin zare ne da ƙaro. Airbus A350 kuwa, da ya fara tashi cikin watan Yuni 2013, nasa ya kai kashi 53 cikin 100. Kamfanin jiragen Habasha shi ne ya fara karɓar 787 a Afirka, cikin 2012. Ke nan matafiyin da hanyarsa ta ratsa Addis Ababa yana iya samun kansa sama da mita dubu 10 a sararin samaniya cikin abin da asalinsa zare ne.

Zare da ƙaro

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini. Magini yana zuba ramno, wato yankakkiyar ciyawa, cikin ƙasa, saboda ƙasa ita kaɗai tsagewa take yi, ciyawa ita kaɗai kuma ba ta tsayuwa, sai an gama su ɗaya ta riƙe ɗaya. A jikin jirgi zaren shi ne mai ɗaukar nauyi, ƙaron kuma, wanda ake kira epoksi, shi ne mai riƙe kowane sili a mazauninsa. Sai dai akwai bambanci babba. Ciyawar magini tana kwanciya duk inda ta ga dama, alhali zaren injiniya kowane sili an lissafa masa inda zai fuskanta, domin ƙarfin zare a tsawonsa yake, kamar igiyar guga: ta tsawo tana ɗaukar nauyi, ta gefe kuwa ko yaro ya lanƙwasa ta.

Zaren karbon ana samunsa ne daga wani zaren roba. Ana fara gasa shi cikin iska a zafin digiri 200 zuwa 300, sa'an nan a ƙona shi inda iska ba ta shiga a zafin da ya wuce digiri 1000, har ya zama kusan babu komi cikinsa sai karbon, sinadarin gawayi. Wani masani Bajapane mai suna Akio Shindo ne ya buɗe wannan hanya a Osaka wajen 1960, masanan Farnborough a Ingila suka inganta ta cikin 1963, kamfanin Toray na Japan kuma ya fara fitar da zaren kasuwa cikin 1971. Kaurin sili ɗaya kashi 5 ne zuwa 7 cikin 1000 na milimita, wato gashin kan mutum ya ninka shi kusan sau goma. Ana ɗaure sili dubu 3, ko dubu 12, ko dubu 24 a damƙi guda. Gamin da ake samu daga ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin baƙin ƙarfe ba. Jirgin 787 guda yana ɗauke da kimanin tan 23 na wannan zare.

Hanya biyu ake bi wajen aiki da shi. Ta farko ita ce a saƙa shi kamar yadi, da zaren wadari da na abawa, ko a jera shi a ɗinke, sa'an nan a yanka, a shimfiɗa cikin mazubi, a ɗura masa ƙaro. Haka kamfanin BMW ya riƙa yin jikin motarsa i3 daga 2013 zuwa 2022, haka kuma ake yin fukafukan injin iska, ko da yake su galibi da zaren gilashi ne. Hanya ta biyu ita ce a jiƙa zaren da ƙaro tun farko, a tsaga shi ziri-ziri mai faɗin milimita 3 ko 6 ko 12 da ɗoriya, a ajiye cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri don kada ƙaron ya daskare kafin lokaci. Ranar aiki sai wani ƙaton hannun inji ya ɗauki ziri 16 ko 32 a tashi ɗaya, yana ɗumama wurin, yana danna su bisa mazubi, falle bisa falle, wannan a miƙe, wannan a gicciye, wannan a karkace. Kaurin falle bai kai rubu'in milimita ba, shi ya sa wuri mai kauri yakan ci falle fiye da 100. Fatar fiffiken A350 da ake yi a Illescas ta Sipaniya da Stade ta Jamus tana da tsawon mita 32 da faɗin mita 6, kuma guda ce ba haɗi.

Inda aibi yake ɓuya

In an gama shimfiɗa sai a tura kayan cikin wata ƙatuwar tanda mai matsi, a dafa su a zafin digiri 180 ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau 6 ko 7. Wannan ita ce wutar maginin tukunya. Duk aibin da ya shiga tandar nan ya zama ɗan gida. Aibin kuwa iri-iri ne: ziri biyu su bar giɓi tsakaninsu, ko su hau juna, ziri ya murɗe, ko ya tsinke inji ya wuce bai sani ba, yadi ya tattare a kwana, gashin zare ya cure ya faɗa tsakanin falle da falle, ko guntun ledar da aka naɗo kayan da ita ya maƙale a ciki. Mafi muni a cikinsu shi ne tattarewa. Zaren da ya lanƙwashe kaɗan daga hanyarsa ba ya jure danni kamar miƙaƙƙe, nan ne wurin yake fara karaya. Ga shi kuma gamin zare ba ya yin gargaɗi irin na ƙarfe. Ƙarfe yakan lotsa ko ya yi tsatsa ido ya gani. Shi kuwa yana iya rabewa daga ciki alhali fuskarsa tana sheƙi.

Shekara da shekaru idon mutum ne kaɗai mai tsaron wannan ƙofa. Inji ya gama falle ɗaya sai ya tsaya, ma'aikata su hau bisa gadoji da tocila a hannu, hasken leza yana zana musu iyakar fallen, su bi ziri ɗaya bayan ɗaya, su sa hannu a takarda, kana inji ya ci gaba. Neman baƙin aibi ne bisa baƙin yadi mai ƙyalli, sau ɗari ko fiye a kan kaya guda. Injiniyoyin da suka auna lokacin aiki sun tarar a wasu masana'antu dubawa da gyara suna cin lokaci fiye da shimfiɗar kanta, wato inji mai tsadar gaske yakan wuni yana jiran mai tocila. Gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya yi awa bakwai yana kallon abu ɗaya kimarsa takan ragu. Ko a masaƙun yadin sawa, alƙaluman da masana suka saba kawowa sun nuna cewa mai duba yadi da ido bai cika kama fiye da kashi 70 cikin 100 na aibi ba.

Abin sha'awa shi ne tsakanin saƙa da kwamfuta akwai tsohuwar dangantaka. Cikin 1804 Joseph-Marie Jacquard na birnin Liyon a Faransa ya fito da masaƙar da take karanta zane daga katuna masu huji. Daga gare ta Charles Babbage na Ingila ya ɗauki dabarar ba injin lissafinsa umurni da katuna, kuma irin waɗannan katuna suka yi ta hidima wa kwamfuta har cikin shekarun 1970. A Japan kuma Sakichi Toyoda ya kammala cikin 1924 wata masaƙa mai tsayawa da kanta da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ta ci gaba da saƙa ɓarna. Kamfanin Platt na Ingila ya sayi haƙƙin ƙirarta cikin 1929 a kan fam dubu 100, daga wannan gida kuma kamfanin motocin Toyota ya fito cikin 1937. Masaƙar Jacquard ba ta mutu ba: da irinta kamfanonin Safran da Albany suke saƙa fukafukai 18 na farfelar injin LEAP a garin Commercy na Faransa, injin da ya fara aiki bisa Airbus A320neo cikin 2016. Ɗan da saƙa ta haifa shi ne ya komo yana yi mata gadi.

Yadda na'ura take gani

Kamara ta yau da kullum ba ta da amfani sosai a nan, domin zaren karbon yana shanye haske ta wani gefe, yana walƙiya ta wani gefe. Saboda haka aka nemi wasu dabaru. Ta farko tana kama da ta masu bin sawu, waɗanda suka san cewa sawun da rana tsaka take ɓoyewa, hantsi da la'asar suna tona shi, don hasken da ya zo a karkace yana ba kowane tudu inuwa. Ana haska siririn layin leza bisa yadin, kamara kuma tana kallonsa daga gefe. In wurin sumul yake, layin yana miƙe. In ziri ya hau ziri sai layin ya yi tsalle, in akwai giɓi sai ya faɗa. Daga girman tsallen kwamfuta take lissafa tudu da kwari har abin da bai kai kaurin gashi ba, tana yin haka sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙa, ta haɗa layukan su zama taswirar fallen gaba ɗaya. Ana iya ɗaura na'urar a kan hannun injin, tana dubawa yana shimfiɗawa.

Dabara ta biyu ta zafi ce. Tun da inji yana ɗumama wuri kafin ya danna ziri, sai a sa kamara mai ganin zafi a bayansa. Zirin da ya manne da kyau yana karɓar zafin abin da ke ƙarƙashinsa daidai wa daida. Wanda iska ko leda ta shiga ƙarƙashinsa kuwa launinsa dabam yake fitowa a hoton. Masanan hukumar NASA a cibiyarta ta Langley, cikin jihar Virginia, sun yi aiki mai yawa a kan wannan hanya. Dabara ta uku ta shafi saƙaƙƙen yadi. Hasken da ya daki zaren karbon yana komowa da wani tsari da ya dace da inda zaren ya fuskanta, kuma akwai kamarori da aka yi musamman don karanta wannan tsari. Da su ake auna karkatar zare a kowane ɗigo na hoton, a gane ko yadin ya goce sa'ad da aka lulluɓa shi bisa mazubi mai kwana. Kowace dabara tana da makantarta: leza fuska kaɗai take gani, zafi kuma yana ruɗewa in kaurin kayan ya sauya, shi ya sa ake yawan gama biyu.

Ɗaukar hoto rabin aiki ne, sauran rabin shi ne gane abin da ke ciki. A shekarun 1980 da 1990 injiniyoyi da hannunsu suke rubuta wa kwamfuta ƙa'ida. Tun da saƙa abu ce mai maimaita kanta, sai a lissafa tazarar maimaicin da dabarun lissafi irin na Fourier da Gabor, duk inda tsarin ya karye a sa alama. Hanyar tana aiki, amma da an sauya yadi ko fitila sai a koma gyaran ƙa'ida. Wata hanya dabam ita ce a bar kwamfuta ta koya daga misalai. Wani Bafaranshe, Yann LeCun, ya nuna cikin 1989 a ɗakunan binciken Bell na Amurka cewa ragar lissafi da aka tsara bisa kwaikwayon jijiyoyin gani tana iya koyon karanta lambobin da aka rubuta da hannu. Cikin 2012 ɗaliban Geoffrey Hinton na jami'ar Toronto suka ci gasar gane hotuna ta ImageNet da kuskuren kimanin kashi 15 cikin 100, alhali na biye da su yana da 26. Cikin 2015 masanan jami'ar Freiburg a Jamus suka fito da tsarin U-Net don hotunan likitanci, mai iya shata iyakar abu ɗigo bayan ɗigo. Irin waɗannan raga ake nuna wa dubban hotunan da ƙwararru suka yi wa alama, wannan giɓi ne, wannan murɗewa ce, wannan lafiya lau, har ta iya rarrabewa da kanta ta faɗi wurin da girman aibin.

Iyakar ganinta

To, sai dai na'ura ɗalibar malaminta ce, abin da aka biya mata shi take maimaitawa. Matsala ta farko ita ce ƙarancin misali. Masana'anta mai kyau ba ta yawan yin aibi, aibin da ya fi haɗari kuma sau da yawa shi ne wanda ba a cika gani ba, ga kamfanoni suna ɓoye hotunansu kamar asirin gida. Don haka wasu suke ƙirƙiro hotunan aibi da kwamfuta, wasu kuma suke koya wa ragar kamannin lafiyayyen yadi kaɗai, a ce mata duk abin da ya saɓa wa wannan ta yi kira. Matsala ta biyu ita ce daidaita kunnenta. A ɗauka, don misali, na'ura ta duba wuri miliyan ɗaya, tana yin kiran ƙarya sau ɗaya cikin dubu. Ka ga kira dubu ke nan na banza, kowanne sai mutum ya je ya duba. In kiran banza ya yi yawa ma'aikata sukan daina kulawa, kamar yadda ake daina fitowa ga karen da yake yi wa kowace inuwa haushi. In kuma aka rage mata ji don a huta, sai aibin gaske ya sulale. Inda za a tsayar da wannan ma'auni shawara ce ta mutane, kuma kuɗi da jadawalin aiki suna da baki a ciki.

Matsala ta uku ta shari'a ce. Ragar lissafi tana iya cewa ga aibi ba tare da ta iya bayyana dalilinta yadda mai bincike zai bi sawu ba, hukumomin sufurin sama kuwa ba sa karɓar abin da ba a iya bin sawunsa. Hukumar tsaron jiragen sama ta Tarayyar Turai ta fitar da taswirar yadda za ta tunkari irin waɗannan na'urori cikin 2020, ta sabunta ta cikin 2023, tana mai farawa da matakin da na'ura take taimaka wa mutum kawai. Bugu da ƙari, ko kamara ta wanke kaya, bayan sun fito tanda sai an bi su da amon da kunne ba ya ji, irin wanda ake duba mai ciki da shi a asibiti, don neman kumfa da rabuwar falle. Amfanin kamara shi ne tana kama aibin tun ana iya ɗaga ziri a sake shi, kafin a binne shi ƙarƙashin falle hamsin.

Abin da sakaci yake jawowa

Tarihin sana'ar ya nuna tsadar aibin da ya kuɓuce. Cikin 2009 Boeing ya tsayar da aiki a masana'antar Grottaglie ta Italiya bayan an gano tattarewa a fatar gangar jikin 787. Cikin watan Yuni 2023 kamfanin Siemens Energy ya sanar da matsaloli a injinan iskar reshensa Siemens Gamesa, ciki har da tattarewar yadi a fukafukai. Hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku a wuni guda, aka kuma ƙiyasta gyaran a kan yuro miliyar 1,6, wato sama da miliyar 1000 na kuɗin sefa. Ran 13 ga watan Yuli 2024 wani fiffike mai tsawon mita 107 ya karye a gonar iskar Vineyard Wind da ke cikin teku a gabashin Amurka, tarkacensa suka watsu a gaɓar tsibirin Nantucket. Kamfanin GE Vernova ya ce mannin ƙaro ne bai kama ba a masana'antarsa ta Gaspé a Kanada, ya kuma amsa da bakinsa cewa ya kamata a ce masu dubawa sun gano shi.

Waɗannan asarar dukiya ce. Ta rai kuwa ta auku ran 18 ga watan Yuni 2023, sa'ad da ƙaramin jirgin nutso mai suna Titan ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa ga ɓaraguzan Titanic, masu zurfin kimanin mita 3800, mutum biyar suka rasu nan take. Gangar jikinsa ta zaren karbon ce mai kaurin santimita 12 da ɗoriya, an gina ta hawa biyar. Masu binciken gwamnatin Amurka sun tarar da tattarewar zare da kumfa cikin gangar, da ramuka cikin ƙaron da ya manne hawa da hawa. Abin lura a nan shi ne aibin bai ɓuya wa kowa ba. An ga tattarewar tun wajen gini, aka goge tudun aka ci gaba. Tun cikin 2018 wani babban ma'aikacin kamfanin ya nemi a duba cikin gangar farko da na'ura, sai aka sallame shi. Cikin watan Yuli 2022 an ji wata ƙara mai ƙarfi bayan wani nutso, na'urorin da ke manne a jikin gangar kuma sun rubuta cewa halinta ya sauya daga ranar, amma aka ci gaba da nutso da ita. Rahoton dakarun tsaron gaɓar Amurka na watan Agusta 2025 ya yanke cewa hatsari ne da ake iya kauce masa.

Darasin a fili yake. Gani ya kori ji, amma gani bai kori son zuciya ba. Abin da ya ɗaukaka masaƙar Toyoda shi ne an ba ta ikon tsayawa, kuma mai masaƙar ya yarda ya yi asarar mintoci don kada ya sayar da ɓarna. Kamarar da ta fi kowace kaifi, in mai karanta sakamakonta yana tsoron shugabansa, ko shugaban yana tsoron ranar isar da kaya, to, ado ce kawai a kan inji. Akwai kuma wani alheri da na'urar ta kawo wanda ba a cika ambata ba: tana ajiye hoton kowane falle da ranarsa da sa'arsa. Takardar da aka sa wa hannu tana iya cewa an duba, hoton kuwa yana nuna abin da aka gani da abin da aka yi a kai. Wanda ya ga aibi ya kau da kai ba shi da sauran mafaka.

Ga ma'aikata kuwa, aikin hawan gada da tocila yana raguwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma tsohon mai duba da ya san aibi kamar yunwar cikinsa shi ne malamin na'urar, shi yake yi wa hotuna alama, shi yake raba gardama in ta yi shakka. Masana'antar da ta sallami irinsa duka don ta sayi kamara za ta wayi gari ba mai iya gane ranar da kamarar ta fara kuskure.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan kuwa akwai shi. Jirgin da ɗan ƙasa yake hawa daga waɗannan masana'antu ya fito. Injinan iska 37 da aka kafa a Lambar Rimi cikin jihar Katsina, nan kusa da iyaka, fukafukansu na gamin zare ne da ƙaro, haka ma 46 na Taiba Ndiaye a Senegal. Duk ƙasar da za ta sayi irin waɗannan kaya tana da haƙƙin neman a ba ta shaidar dubawa tare da kayan, tana kuma bukatar injiniyoyinta da za su iya karanta shaidar, in ba haka ba ta sayi doki a cikin duhu. Sa'an nan irin wannan ido ya riga ya shiga manyan masaƙun yadin sawa na duniya, saboda haka duk mai mafarkin tayar da masaƙun da suka durƙushe a Yamai ko Kaduna ya san da wa zai yi takara. Kamara ta yi araha, litattafan koyon wannan lissafi kuma suna nan kyauta a intanet ga ɗalibin jami'ar da yake da himma. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne mutumin da zai ga tattarewa a falle na arba'in, ya san gyaran zai ci sati guda, ya kuma ce a tsayar da inji.

Sai wani sati, in Allah ya yarda.